Tsohuwar Diana 27 na hayaƙi tana watsa harsashi, ta ina za a fara gyara?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san bindigar iska, irin tsofaffin nan da ake karyawa a ɗana. Wadda ke hannuna Diana ce, a saman ƙarfenta akwai hoton macen nan da ta yar da baka ta ɗaga bindiga, an rubuta Mod. 27, faɗin bakinta milimeta 4,5. A gefen hagu can baya, daf da katako, akwai ƴan ƙananan lambobi: 09 74.

Ta daɗe a ajiye a ɗaki. Ga halin da take ciki: a mita 10, harsashi goma suna bazuwa a wuri mai faɗin tafin hannu, kuma yawanci sama da ƙasa suke yi, ba hagu da dama ba. An ɗiga mata man inji a ramin iska, tun daga nan wani harbin sai ta yi ƙara kamar ta albarushi har da hayaƙi, wani harbin kuma ta yi laƙwas kamar ba rai. In an karya ta, bututun yana ɗan girgiɗi gefe da gefe. Harsashin da ake sa mata na kwalin nan ne marar suna da ake samu a kasuwa.

Wasu sun ce sifirin ne ya mutu, a sa mata wanda ya fi ƙarfi. Wasu sun ce bututun ne ya lanƙwashe. Akwai ma wanda ya ce madubin hange kawai take so. Kafin in zuba jikkuna a abin da ba shi ne ciwon ba, don Allah mene ne ake fara dubawa?

Maƙerin Zango:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Lambobin nan wata ne da shekara: a watan Satumba na 1974 aka ƙera ta, a garin Rastatt na Jamus, inda aka kafa kamfanin a 1890. Irin waɗannan ba su cika mutuwa ba, sai dai su bushe ko a kashe su da mai, kuma taka duka biyun sun same ta.

Ka fara gane abin da ke faruwa a ciki. In ka karya bututu, kana tura fistan baya ne yana matse sifirin har kunama ta riƙe shi. In ka ja kunama, fistan ya ruga gaba ya matse iskar da ke gabansa, ta bi ta ɗan ramin nan ta tura harsashi. A goshin fistan ɗin akwai ƙoƙon fata, shi ne ke hana iska zurarewa baya. Matsin yana faruwa cikin ƙiftawar ido, iskar kuwa ta yi zafi ƙwarai, daidai da yadda injin gazuwal ke kunna mansa ba tare da buji ba. To ka ga in akwai man inji a wurin, kamawa zai yi. Ƙarar da kake ji da hayaƙin ke nan. Harbin da man ya kama sai harsashi ya fita da gudu fiye da ƙima, wanda bai kama ba ya fita da sanyi, shi ya sa suke yin layi sama da ƙasa a takarda. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba: fashewar tana wurgo fistan baya da ƙarfi, tana ƙona fatar, tana karya sifirin. Kada a sake sa mata man inji, ko man birki, ko kananzir, ko irin man fesawar nan na kwance tsatsa. Ɗan hayaƙi siriri a cikin bututu bayan harbi ba laifi ba ne ga bindiga mai fata, ƙarar fashewa ce abin gudu.

Yanzu ga yadda za ka bi, kuma ka bi su a jere, don na farkon ba sa cin ko dala.

Bis ɗin katako. Biyu suna gefen katako a gaba, ɗaya yana gaban zoben kunama. Su uku ne ke riƙe ƙarfe da katako. A garin nan na Damagaram katako yana shan iskar hunturu ya tsuke, da damina ya kumbura, don haka bis ɗin da ka ɗaure a watan Agusta za ka same shi sako-sako a Janairu. Bindigar sifirin kuma tana girgiza kanta a kowane harbi. Ka nemi turnabis da bakinsa ya cika tsagar bis ɗin daidai, ka ɗaure su tam amma ba da ƙarfin tsiya ba, kar katakon ya tsage. Na bayan zoben kunama a katako kawai yake shiga, a hankali ake murza shi.

Sai babban bis ɗin gaɓa, wanda bututu ke juyawa a kansa. Girgiɗin da ka ambata daga nan yake. A gefen kansa akwai wani ɗan ƙarami da ke kulle shi. Cire ƙaramin, ka ƙara ɗaure babban har tsaga ta gaba ta zo daidai ramin ƙaramin, ka mayar. Ma'auninsa: bayan ka ɗana bindiga, ka ɗaga bututun zuwa rabi, ya tsaya inda ka bar shi bai faɗi da nauyinsa ba. In yana faɗuwa, da saura. In sai ka yi kokawa da shi, ka wuce. Hannunka ya kasance a kan bututu duk lokacin da take a karye kuma a ɗane, yatsa nesa da kunama. Samfurin 27 ba shi da makullin tsaro. In kunama ta saki bututu yana buɗe, zai daki sama da ƙarfi, ya lanƙwashe, katako ya tsage, yatsan da ke bakin ramin kuwa sai dai haƙuri.

Na uku, zoben da ke kewaye da ramin sa harsashi. A wasu na fata ne, a wasu na roba. Dole ya ɗan ɗago sama da ƙarfen, kamar kaurin farce, don ya toshe tsakanin bututu da ramin iska. Gwajinsa mai sauƙi ne: ɗora ɗan yankin takarda marar nauyi ko ka barbaɗa hoda a kan mahaɗar, ka harba. In takardar ta yi tsalle ko hodar ta tashi, iska na gudu ta nan. Ka zaro zoben da allura a hankali, ka yanka wani siririn zobe daga gwangwanin lemo, kaurinsa wajen milimeta 0,1 ne, ka sa ɗaya ko biyu a ƙarƙashi, ka mayar. Kar ka cika, in ya yi tudu da yawa bututu ba zai rufe sosai ba, sai bindiga ta koma harbin ƙasa.

Na huɗu, man da aka zuba. In ɗigo kaɗan ne, harsashi talatin zuwa hamsin masu cika bututu za su ƙone shi. In ta wuce haka tana fashewa, sai an buɗe an wanke. Bayan ta yi shiru, ka ɗiga man da ya dace da fata ta ramin iska, ɗigo biyar ko shida, ka jingine ta a tsaye gindi a ƙasa ta kwana, man ya gangara ya jiƙa ƙoƙon. Da safe ka karya ta rabi ka mayar sau goma ba tare da ka ɗana ba, sannan ka harba. Ni man silikon nake ba da shawara, irin mai kaurin nan da masu gyaran injin fotokofi ke amfani da shi, don ba ya kamawa da wuri. Daga nan ɗigo biyu duk bayan gwangwani ɗaya na harsashi 500 ya isa.

Kuma kada a taɓa harba ta babu harsashi. Harsashin ne ke tare iska ta zama matashi ga fistan, in babu shi ƙarfe ne zai daki ƙarfe.

Malamin Lissafi:

Sannu da ƙoƙari Maƙeri, ban da abin cirewa a maganarka. Zan ƙara ta ɓangaren mai harbi da harsashi, don sau da yawa bindiga lafiyarta lau, riƙo ne ya ɓata ta.

Malam Ɗan Birni, bindigar sifirin ba a riƙe ta kamar ta farauta. Kafin harsashi ya bar bututu, fistan ya riga ya yi tafiyarsa, bindigar ta motsa baya ta kuma zabura gaba. Ba za ka iya hana wannan motsi ba, abin da ake so shi ne ya zama iri ɗaya kowane harbi. Saboda haka kar ka ɗora katakon kai tsaye a kan bulo, ko tebur, ko reshen itace. Ka ɗora hannunka a kan matashi ko buhun yashi, tafi a buɗe, bindigar ta kwanta a tafin, a wuri ɗaya kullum, ɗan gaba da zoben kunama inda nauyinta ya daidaita. Kafaɗa ta taɓa gindinta kawai, kunci ya jingina ba dannawa, ka matsa kunama a hankali, ka ci gaba da kallon saiti har harsashi ya isa. In ka matsar da tafinka gaba da yatsa uku tsakanin harbi da harbi, inda harsashi ke sauka zai canza, ka zaci laifin ƙarfe ne.

Harsashi kuma shi ne rabin magana. Zuba ashirin daga kwalin nan naka a faranti ka duba: za ka ga masu lotsattsen siket, wato gindin harsashi mai rami, masu tudun gini a gefe, wasu suna faɗawa cikin bututu da kansu, wasu sai an danna. Waɗannan ba za su taɓa taruwa wuri ɗaya ba. Bindiga mai ƙaramin ƙarfi irin 27 ta fi son harsashin dalma mai laushi, marar nauyi, tsakanin giram 0,45 da 0,55. RWS Hobby giram 0,45 ne, mai shafaffen kai, yana huda takarda da kyau a mita 10. RWS Superdome wajen 0,54 ne, JSB Exact 0,547, dukansu masu zagayayyen kai, sun fi riƙe hanya in an yi nisa. Masu tsinin kai suna da kyan gani a gwangwani amma su ne suka fi watsuwa. A ƙasan wasu gwangwanayen za ka ga 4,50 ko 4,51 ko 4,52, faɗin kan harsashin ke nan, kuma tsohon bututu yakan zaɓi ɗaya ya ƙi sauran. Ba a sanin wanne sai an gwada. Kar a sake harba wanda aka tsinto, kar a sa ƙusa, tsinken ashana ko ƙwallon boris na keke. Ƙarfen bututun bindigar iska mai taushi ne, zaren da ke cikinsa kuma ba shi da zurfi.

Ga masu tsofaffin BSA da Webley na Ingila masu babban baki, a lura: nasu na da 5,6 ne, harsashin yanzu kuwa 5,5 ne, shi ya sa yake yi musu sako-sako. Wannan bai shafi Diana ba.

Yadda ake gwaji: auna mita 10 da igiyar awo, ba da taku ba. Harbi goma a ɗigo ɗaya, da harsashi iri ɗaya, kada ka taɓa saiti ko da suna sauka nesa da ɗigon. Abin da ake nema da farko shi ne su taru. Lafiyayyar 27 da saitin ƙarfenta, a hannun wanda ya iya, tana tara goma a inda kuɗin ƙarfe na dala ashirin zai rufe su. Ka yi gwajin da sassafe kafin iska ta tashi. A hunturu iskar gabas tana iya ture harsashin rabin giram da santimeta da yawa a mita 20, ranar da ƙura ta tashi ba ranar gwaji ba ce.

In sun taru, sannan a gyara saiti. Saitin baya yana bin inda kake so harsashi ya koma: suna sauka ƙasa, ɗaga shi, suna sauka hagu, kai shi dama. Lissafinsa: kuskuren da ka gani, sau tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya, a raba da nisan harbi. A ce kuskuren milimeta 20 ne, tazarar saiti milimeta 450, nisa mita 10 wato milimeta dubu goma. Amsa 0,9. Ƙasa da milimeta ɗaya ke nan za ka matsar don gyara santimeta biyu, ka ga dalilin da ya sa saitin baya mai girgiɗi yake hana ruwa gudu. Taɓa shi da yatsa ka ji ko yana motsi.

Game da ƙarfi, kar a sa mata rai da abin da ba a yi ta dominsa ba. Irinta tana fitar da harsashi tsakanin mita 170 da 200 a sakan. Harsashin giram 0,49 a gudun mita 175 yana ba da jul 7,5 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne), iyakar da dokar Jamus ta sa tun 1970 ga bindigar iska da ake saya ba lasisi, kuma bindigogin da aka yi wa kasuwarsu suna ɗauke da harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar. A wannan gudu harsashi yana zubewa ƙasa da layin bututu kusan santimeta 2 a mita 10, wajen 8 a mita 20, kusan 20 a mita 30. Filinta mita 10 zuwa 25 ne.

Ɗan Birni:

Allah ya saka da alheri, Baba Maƙeri da Malam. Bis ɗin gaba duka biyu sun ci juyi guda cur, na gaɓa ma an ƙara masa tsaga ɗaya, girgiɗin ya tafi. Takarda ta yi tsalle a mahaɗa, an sa zoben gwangwani ɗaya ta daina. Fashewar ta tsaya bayan harbi wajen arba'in. Da harsashin gwangwani mai zagayayyen kai yanzu goma suna taruwa a santimeta 4. Saura abu biyu: in ana ɗanawa ana jin ƙaras-ƙaras a ciki, kuma ɗanawar ta yi sauƙi fiye da yadda ya kamata. Da na leƙa ramin iska da tocila na ga wani abu kamar ɓarɓashin baƙar fata. Ina ganin sai an buɗe. Ana samun ƙoƙon fatar a nan kuwa?

Baduku:

Ɗana, a Damagaram kake tambayar fata? Ba sai an aiko daga Turai ba, a nan za a yi shi, in dai an zaɓi fatar da ta dace.

Jar fatar akuya da muke jaka da takalmi da ita ba ta yi, ta cika siriri, fistan zai yage ta. Kirgi za ka nema, na sa, wanda aka jeme da bagaruwa, kaurin milimeta 3 ko kusa da haka, daga gadon baya inda fatar ta fi tsauri, ba ta ciki mai saki ba. Jimar bagaruwa ce ke sa fata ta karɓi siffa in an jiƙa ta, ta riƙe bayan ta bushe. Fatar tsohon takalmin kanti ko bel, wadda in ka yanka za ka ga cikinta shuɗi-shuɗi, jimar magani ce, ba ta riƙe siffa, a bar ta.

Auna faɗin cikin silinda, wato ƙarfen da fistan ke tafiya a cikinsa, daidai, kar ka yi ƙiyasi. A huda rami mai wannan faɗin a katako mai tauri, a goge bakinsa ya yi sulɓi. A sassaƙa wani guntun katako ko ƙarfe zagayayye wanda faɗinsa ya gaza ramin da kaurin fata sau biyu: in ramin milimeta 25 ne fatar 3, guntun ya zama 19. Yanka fatar zagaye, ta fi ramin faɗi da santimeta biyu, jiƙa ta a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, har ta yi laushi kamar ganda. Ruwan zafi dafa ta zai yi ta ƙanƙance ta yi tauri. Ka ɗora ta a bakin ramin, ka danna guntun a kanta da matsi har ta shige, ka bar ta a inuwa kwana ɗaya ko biyu. Kar a shanya a rana. In ta bushe, yanke abin da ya yi saura da aska daidai da bakin katakon, huda tsakiya daidai bis ɗin fistan. Tsayin bangon ƙoƙon da gefen da ke kallon waje, a kwaikwayi tsohon da aka ciro, don haka kar a yar da shi ko ya ragargaje. A cikin ƙoƙon akwai wata ƴar waina da ke cike tsakiyarsa, ita ma a mayar da irinta, kan bis ɗin ya nutse a cikinta kar ya fito ya daki ƙarshen silinda.

Wajen mai kuwa, Maƙeri ka yi mini haƙuri, a sabuwar fata ban bi ka ba. Silikon yana sa santsi amma ba ya ciyar da fata. Man ƙafar sa shi ne abincinta: a dafa ƙasusuwan ƙwauri da ƙafa, ban da kofato, a kwashe man da ya taso, a tace da ƙyalle, a bar shi ya kwanta, a ɗebi na saman da bai daskare ba. A jiƙa ƙoƙon a ciki kwana guda, a matse da tsumma har ya daina ɗiga. Man gyaɗa yana yin danƙo ya yi wari, man kaɗe da man shanu suna daskarewa da sanyin hunturu, duk ba na nan ba ne. A zafin Afrilu da Mayu fata tana bushewa ko ba a harba bindigar ba, saboda haka ko tana rataye a ba ta ɗigo biyu a farkon hunturu, biyu a farkon bazara.

Maƙerin Zango:

Na karɓa, Baduku, a jiƙon farko naka ya fi. Sharaɗi dai a matse shi sosai, don man ƙafar sa ma yana kamawa in ya yi yawa.

Ƙanena, ƙaras-ƙaras tare da sauƙin ɗanawa alamar karyayyen sifirin ce, guntayen sun murɗe cikin juna. Buɗewa ta zama dole, amma a nan ne ake jin ciwo, ka saurara da kyau. Ko bindiga ba a ɗane take ba, sifirin yana matse da wajen santimeta biyar. In ka fitar da ƙusoshin baya haka kawai, kayan kunama za su yi tsalle su same ka a fuska. Ka samu katako mai kauri wanda ya fi ƙarfen tsawo, ka kafa tubali na katako a ƙarshe ɗaya inda gaban silinda zai tokare, ka ɗaure silindar da igiyar roba ko ƙarfe biyu kar ta zame, a ɗaya ƙarshen ka sa dogon bis mai kauri da noti, ko abin matsin kafinta mai zare, ya tokare bayan. Tabbatar ba a ɗane take ba kuma ba harsashi. Cire katako, zare murfin baya, matsa kaɗan har ƙusoshi biyun da suka gitta su saki, tura su waje, sannan ka warware matsin sannu a hankali har sifirin ya huce.

Kunamar wannan samfuri ta ƙwallaye ce: bututu biyu ne ɗaya cikin ɗaya, da ƙananan ƙwallayen ƙarfe uku da ɗan siririn sifirin a tsakani. Ka shimfiɗa farin zane kafin ka zaro su, ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Wajen mayarwa, ɗan giris ne ke riƙe ƙwallayen a ramukansu. Sai an raba bututu da silinda sannan sandar ɗanawa, wadda ke tura fistan baya, ta fita daga tsagarta, fistan ya zaro. Bis ɗin da ke riƙe fata a goshin fistan, a wasu an kafe shi da ƴar ƙusa ta gefe ko an dake bakin zarensa, ka duba kafin ka sa ƙarfi.

Wanke cikin silinda da tsumma a kan sanda har ya fito fari, ya bushe sarai. Duba tsohuwar fatar, sau da yawa za ka samu ƙananan ƙusoshi ko guntun dalma sun nutse a ciki, abin da yara suka tura ta ramin iska. Bakin tsagogin silinda suna da kaifi, ka goge su da ƙaramar zarto mai laushi, in ba haka ba za su yanke sabon ƙoƙon tun wajen shiga.

Sabon sifirin ya zama daidai da tsohon: kaurin waya, faɗin ciki, faɗin waje, yawan zagaye. Haɗa guntayen ka ƙirga. Ka ninka yawan zagaye da kaurin waya, abin da ya fito shi ne tsawonsa in ya matse gaba ɗaya, in ya fi wurin da ke akwai bindiga ba za ta ɗanu ba. Ka mirgina shi a kan gilashi, in yana tsalle a karkace yake. Maganar a sa wanda ya fi ƙarfi kuwa gyaran gangar Abzinawa ce. Ƙarfin bindigar iska yana bin yawan iskar da silinda ke ɗauka, silindar 27 kuwa ƙarama ce. HW35 ta Weihrauch, wadda ta fito a 1951, silindarta milimeta 30 ce, ita aka yi wa babban sifirin. In ka cusa irinsa a taka, abin da za ka samu shi ne duka a kafaɗa, wahalar ɗanawa, cin kunama da watsuwar harsashi. Sifirin ɗin babur ko na bawul ɗin mota ma kar a fara.

Giris: baƙin nan na kardan ɗin mota, mai sinadarin da ake ce wa moli. Shafa kaɗan a jikin fistan ta baya, a tsagar da sandar ɗanawa ke bi, a ƙarshen sifirin biyu da sandar da yake hawa, da bis ɗin gaɓa. A jikin sifirin shafa siriri kawai. Ko ɗigo kar ya je gaban fata. Silikon kuma kar ya shiga inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, ba ya hana ci. Sabuwar fata tana ɗaukar harbi ɗari biyu ko uku kafin ta zauna, kar ka yanke mata hukunci a ranar farko. Bis biyun da ke gaban kunama, na gaba makulli ne, na baya shi ke gyara ja. In kunamar tana da ja biyu, sako sannan tsayawa kafin ta saki, ka bar su yadda suke. Wanda ya kashe tsayawar nan ya mayar da bindiga mai tashi da kanta. Kuma kar a bar ta a ɗane ta wuni, sifirin yana gajiya.

Malamin Lissafi:

Tunda za a raba bututun, a duba shi a lokacin. Kar a sa sandar ƙarfe ko burushin waya. Zaren kamun kifi mai kauri a ninka biyu, a zura ta baki ya fito ta baya, a saƙala ɗan farin ƙyallen auduga, a jawo daga baya zuwa baki, a maimaita har ƙyallen ya fito ba baƙi. Bayan wanki sai ta ci harsashi ashirin ko talatin kafin ta dawo daidai, don bututun yana son ɗan shafin dalma a cikinsa. Ba a wanke shi kullum, sai in taruwar ta lalace.

Tura harsashi ɗaya daga baya da siririyar sandar katako, kana jin yadda yake tafiya. In ya riƙe tun daga farko har ƙarshe, ko ya ƙara tsukewa daf da baki, bututun lafiya. In ya zo santimeta na ƙarshe ya faɗi da kansa, bakin ya buɗe ko an taɓa yanke shi. Sannan ka juya auduga a bakin: in zare ya maƙale, akwai tsaga a gefen da harsashi ke rabuwa da ƙarfe, iska za ta fi fita ta gefe ɗaya ta ture shi. Ana gyara wannan da bis ɗin tagulla mai zagayayyen kai da man goge bawul na makanikai, ana murzawa a hankali ana karkata hannu, har zoben ya yi haske daidai ko'ina. Lanƙwasar bututu kuwa ba ta watsa harsashi, tana kai su gefe ɗaya ne gaba ɗaya, don haka ba ita ce matsalarka ba.

Madubin hange a jinkirta shi. Ba ya tara harsashin da bindiga ta watsa, kuma zaburar gaba da baya ta bindigar sifirin tana kashe madubi mai araha cikin gwangwani ɗaya, ko ta riƙa zame shi baya in ba abin tokarewa.

Wurin gwaji: kwali cike da tsummoki ko yashi, a bayansa katangar laka. Kar a harbi siminti, ƙarfe, ko duwatsun nan na Birni, harsashi yana dawowa. Dalma guba ce, abin da ya faru da yara a Zamfara a 2010 ya ishe mu, saboda haka ba a riƙe harsashi a baki, a wanke hannu kafin cin abinci, a tsince waɗanda aka harba kar yara ko kaji su ɗauka. A yanayin tsaron da ake ciki kuma, daga nesa ba mai bambance ta da ta wuta: a tambayi komisariya abin da doka ta ce kafin a fita da ita, in za a kai wa maƙeri a naɗe ta a buhu. Wajen ajiya, goge ƙarfen da tsumma mai ɗan mai bayan kowane taɓi, don gumin hannu ne ke fara kawo tsatsa, a sa ta cikin rigar yadi saboda ƙura, ba leda ba, leda tana tara raɓa da damina. In ka haɗa ta ka harba ɗari biyun farko, ka turo mana awon goma a mita 10 da na mita 20, da sunan harsashin da ka sa.